Gurbin da Kaka Ya Hana a Tsallake

Ranar da Kaka ya rasu, kwaɓin siminti da yawa ya bushe a banza a Gusau. Da hantsi ne, lokacin da kowane magini ya riga ya hau bango. Na sa sanarwa a guruf ɗin magina, kafin in ajiye wayar kira ya fara shigowa ba ƙaƙƙautawa. Haka suka riƙa zuwa, ƙafa furu-furu, wani da igiyar awo a wuya, wani ya manta cokalin gini na soke a aljihunsa na baya har aka tada sallar gawa. Na Bungudu suka ciko a-kori-kura guda. Na Tsafe sai da suka jira aka taru da yawa kafin su kamo hanya, kun dai san yadda hanyar take yanzu, don haka a maƙabarta suka same mu. Daga Allah muke, gare Shi Kaka ya koma, mu kuma muna layi.

A zaman makoki kowa da kalar tasa. Wani tsohon kafinta bai yi hawaye ba, ya dai zauna a gefen tabarma yana ta maimaita wa kansa, “To wa za shi raba mu yanzu?” Kawu, babban ɗan Kaka, shi ke karɓar gaisuwa. Ma'aikacin gwamnati ne, bai taɓa ɗora bulo ba, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne yawan mutanen da za su riƙe hannunsa su ce, “Allah Ya jiƙan Baba, ya taɓa ba ni rashin gaskiya.” Da alfahari fa suke faɗa, kamar lambar girma ya rataya musu. Inna, matar Kaka, tana cikin gida ta shiga takaba. Ba ta yi kururuwa ba. Abin da kawai take aiko ni in faɗa shi ne a fara ba na Tsafe abinci, su ne da nisa.

Akwai mutum biyu da suka zo gaisuwa kowa na kauce wa ɗan'uwansa. Ɗaya Sista, tsohuwar nas ce 'yar Filato da ta yi kusan duk rayuwarta a Gusau, ta ajiye aiki bara. Ɗayan maginin gidanta, wanda kowa ke kira Ɗan Kwatarkwashi, a hannun Kaka ya koyi sana'a. Ita ta shiga ciki wurin mata, shi ya zauna can ƙarshen rumfa ya ba ƙofa baya. Gidan Sista na nan tsaye a linta ba rufi, damina ta riga ta faɗi, rigimarsu kuma tana hannun Kaka bai yanke ba ya tafi. Duk wanda ke rumfar ya sani, ba wanda ya tada maganar.

Ina rubuta wannan ne don kada nan da 'yan shekaru a ambaci Kaka yara su ce wane ne ma. Ni jikansa ne ta wajen uwa, ɗalibin kwamfuta. Shi yana ce min Malam Latsau saboda yatsana ba ya rabuwa da waya, ni ina ce masa Tsoho.

Haifaffen Bungudu ne. Da ginin ƙasa ya fara a hannun babansa, da bulo ya shigo gari ya koma bulo bai tsaya musu ba. Ba shi da sarauta, ba wanda ya naɗa masa rawani. Kawai dai in rigimar gini ta tashi, daga Gusau har Mada da Wonaka, maganar da za ka ji ita ce a je wurin Baba. Indararon wani na zuba a tsakar gidan wani, tagar bene na leƙa gidan maƙwabci, katanga ta ci taku ɗaya na filin mutum, bango ya tsage mai gida na cewa magini ne, magini na cewa yashi ne. Sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya je ya tsaya a gindin bangon.

Tsoho yana da halaye, wallahi. Duk inda ya shiga sai ya ƙwanƙwasa bango da makullin babur ya kasa kunne. Gidan biki, shagon aski, har gidan surukai. In ya ji filasta ta yi ƙarar fanko sai ya girgiza kai kawai ya zauna, mai gida kuma ya kasa sakewa har a tashi. Duk wurin ginin da ya je sai ya roƙi gutsattsarin bulo ya ɗauro a bayan babur. Da su yake yi wa tsofaffin unguwa 'yar matakala a bakin ƙofa, don ya ce dokin ƙofa mai tsawo ya karya tsofaffi fiye da yadda ake lissafi. Ba ya tambayar izini. Tsohuwa za ta fito da safe ta tarar da matakala da kara a gicciye, alamar kada a taka sai ta sha iska.

Da na koya masa saƙon murya kuwa, nan aka yi harka. Zai danna ya ce, “Salamu alaikum,” sai ya yi shiru yana jiran a amsa. Sannan, “Ina kwana?” Shiru. “Ina gajiya? Ya iyali?” Kowace gaisuwa sai ya bar wa mai sauraro filin amsawa. Na ce, “Tsoho, ba a jin ka yanzu fa, data kake ƙonawa.” Ya ce, “Ai za shi ji daga baya, ja'iri. In ya ji ba za shi amsa ba?” Kuma gaskiyarsa, na sha ganin ƙaton magini a bakin titi riƙe da waya yana cewa “lafiya lau, Baba” shi kaɗai.

Dokarsa a wurin sulhu guda ce, kowa ya san ta. Ba ya sauraron ƙarar mutum sai ya fara amsa tambaya ɗaya: “Kahin ka hwaɗi laihin wane, hwaɗa min alheri guda da yat taɓa yi maka.” Ko kai ne da gaskiya dumu-dumu sai ka amsa. In ka ce babu, zai ce ka je gida ka tuno, ya tada babur. Magina kuma suna da tasu dokar da ta girme shi: magini ba ya ɗora bulo a kan aikin da wani magini ya bari da rigima, sai an yi sulhu an sallami na farko. Haɗa dokokin nan biyu ka ga yadda gini ke iya tsayawa cak saboda mutum ɗaya ya ƙi buɗe baki.

Shekarun baya-bayan nan ido ya fara ba shi matsala, hanya kuma ta lalace da tsoro. Wata rana ya dawo daga Tsafe a makare, gida duk an tashi hankali, Kawu ya zare makullin babur daga hannunsa ya sa a aljihu. Ba a yi faɗa ba. Tsoho ya koma zaure ya zauna kamar an cire masa batir. Masu rigima na nesa ba sa iya haɗuwa su zo tare, shi kuma ba ya jin ɓangare ɗaya, sai rigingimu suka fara wucewa ofishin 'yan sanda, wasu suna ruɓewa a wurin.

Ni a lokacin ina ajin ƙarshe, kaina ya ɗau zafi da neman abin da zan yi furojet a kai. Ina zaune a zauren ina latse-latse, wani ya zo daga Mada shi kaɗai, Kaka ya mayar da shi. Nan take abin ya faɗo min. Fom! Na yi tsalle har na zubar masa da buta. Fom a waya, mai ƙara ya cike, ya sa lambar abokin rigimarsa, shi ma saƙo ya je masa ya cike nasa, duka biyun su sauka a wayar Kaka. Malamin da ke duba aikina ya ce ya haɗu, amma in sa wurin ɗora hoto da bidiyo, in kuma sa maɓallin murya don waɗanda boko bai kama su ba. Wannan shawarar ita ta ceci abin, don kusan duk magina da baki suke cikewa.

Da na gama na kawo wa Tsoho ina ta zuba. Ga gurbin suna, ga unguwa, ga irin rigima ka zaɓa, indararo ko taga ko iyaka ko tsagewa, ga hoto. Ya saurara har ƙarshe.

“Ina gurbin alheri?”

“Wane alheri kuma?”

“Tambayata. Ina kas sa ta?”

“Haba Tsoho. Mutum na cikin fushi, sabis na rawa, cajinsa na ja, wa zai tsaya yabon abokin faɗa? Za su gudu su bar fom ɗin.”

“Su gudu. Sa ta hwarko, gaba ga suna ma.”

“Gaba da suna? Ba a haka a duniya.”

“To a hwara ga wanga.”

Na sa ta. Gurbi na ɗaya, kuma in ba ka cike ba ba ka wucewa gaba. Daga nan muka shiga wasan ɓuya da mutanen Zamfara. Suka fara rubuta “babu.” Na toshe babu. Suka koma “ba ko ɗaya.” Na toshe. Wani ya sa ɗigo, wani ya sa hoton takalmi, wani ya danna murya ya yi tsaki mai tsawo ya turo. Duk wanda ya tsallake ni kuma sai ya faɗa hannun Kaka, ya aika masa gaisuwa cikakkiya sannan ya ce ya koma ya tuno. Amma ba shi da tsada. Wani ya ce, “Yana amsa sallama.” An karɓa. Wani ya ce, “Ya taɓa ara min tsani, ko da yake tsanin ya karye da ni.” Kaka ya yi dariya har da tari ya ce a wuce da shi.

Rigimar farko da aka gama tas ta waya daga Tsafe ta zo, maƙwabta biyu a kan indararo. Kaka ya sa aka kunna wa kowa alherin da ɗayan ya faɗa a kansa, sannan ya ce a hau rufin a juye bokitin ruwa a ɗauko bidiyo tun daga sama har inda ruwan ya tsaya. Na riƙe masa wayar dab da ido. Ya ce a ƙara wa indararon gwiwa ya sauka ta lungu, mai indararo ya sayi bututu, maƙwabci ya ba da hanya. Shi ke nan. Ranar na yi rawa a zaure, Inna na leƙe tana cewa maigidanta, wato ni, ya haukace. Da na kashe difens ɗin furojet ɗina a gaban malamai kuma na zo ina ihu tun daga bakin layi, Tsoho ya ce, “To Malam Latsau, kai an ba ka takarda. Ni mi anka ba ni?” Sai da na sayo masa tsire.

Ya dawo daidai fa. Bayan la'asar zai sa a shimfiɗa tabarma ya ce, “Buɗe muna kotu.” Ni ko ƙanwata mu kunna masa saƙonni, shi ya yi ta aika hukunci da gaisuwa.

Sai rigimar Sista ta shigo.

Ga yadda abin yake. Sista ta tara abin da ta tara ta sayi fili a bayan gari, ɗanta ya sa aka zana mata filan. Gwiwoyinta sun gaji, don haka abin da ta fi so a duk gidan shi ne banɗakin da ƙofarsa ke cikin ɗakin kwananta, dab da gado. Ɗan Kwatarkwashi ya karɓi aikin, ya kai shi linta lafiya. Ta yi tafiya wurin ɗanta. Shi kuma da ya zo fitar da bututu sai ya lura cewa yadda aka zana, duk wanda ya zauna a kan masai zai fuskanci gabas sak. A wurin maginanmu wannan ba ya yiwuwa, ba a sa masai ya kalli alƙibla ko ya ba ta baya, hannunsu ma ba ya yarda. Bai kira ta ba. A ganinsa gyara ne irin wanda ake gode wa mutum. Ya juya zaman, da ya ga ƙofa ta tare wuri sai ya toshe ta da bulo ya fasa wata ta baranda.

Sista ta dawo ta tarar in za ta shiga banɗaki sai ta fita ɗaki ta zagaya. Ta wanke shi tas a gaban leburorinsa, a cikin maganar har da kalmar jahili. Ya wanke cebur, ya naɗe igiya, ya kwashe yaransa. Ta nemi wani magini, ya zo ya duba ya ce aikin wane ne, a je wurin Baba. Ta nemi na biyu, haka. Ga shi an ba ta takardar tashi daga gidan ma'aikata, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Ta cike fom ɗin da kanta, da Hausa mai kyau, amma a gurbin farko ta rubuta, “Ba yabo na zo yi ba.” Shi kuma saƙo ya je masa ya buɗe ya rufe. Da na kira shi ya ce, “Ɗan Baba, matar da ta kira ni jahili gaban yarana? Ka bar ni kawai.”

Hotunan dai sun iso, na nuna wa Kaka. Ya ɗan jima yana kallo ya ce, “Wagga ai ba rigima ba ce. A maida mata ƙohwarta inda take, a jingina masai da bangon kudu ya kalli arewa, a matsa da wurin wanka. Bututu guda za a ƙara.” Inna na bayan labule tana tsince shinkafa, ta ji.

Na ce, “To in tura musu?”

“Sun cike?”

“A'a.”

“To ajiye wayar.”

Sista ta zo da kanta. Kaka ya sa aka kawo mata kujera saboda gwiwa, aka kawo ruwa, suka gaisa kamar ba komai.

“Baba, ruwa zai sauko. Ba ni da inda zan sa kayana.”

“Na sani, ɗiyata. Mi yat taɓa yi maki na kirki?”

“Baba, ni aka yi wa laifi. Gidana ne, filan ɗina ne, ni ba gabas nake kallo in yi addu'a ba. Ko tambayata bai yi ba.”

“Ya yi kuskure babba, za shi ji daga bakina. Mi yat taɓa yi maki na kirki?”

“Ni na karɓi haihuwar jikokinka a asibiti fa.”

“Wannan alherinki ne gare ni, ban manta ba. Ba shi ni ka tambaya ba.”

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta kalle ni ta ce, “Injiniya, kai da kakanka duk kanku ɗaya.”

Ranar ce kawai na taɓa jin Inna ta ɗaga wa Kaka murya. Ta ce ya san magani ya zauna a kai, mace da ciwon ƙafa za ta rasa wurin kwana saboda wata tambaya tasa. Ya ce in ya faɗa yau, yaron zai koma don kunyarsa, ya yi aikin zuciya na tafasa, ita kuma ta tsaya a kansa tana harara, kafin a kai rufi an sake watsewa, kuma karo na biyu ba mai iya haɗa su. Inna ta ce, “Kai dai ka ce ba ka son a karya maka doka.” Ya ce, “Har da wannan.” Ta ce to ya ci doka da daddare. Tuwon ranar ƙanwata ce ta kai masa.

Ni ma na gwada. Na ce in cire gurbin na yini ɗaya, mu ce sabis ne ya kwafsa. Ya ce in na taɓa shi in ɗauke wayata daga zaurensa.

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Katakon rufin da Sista ta saya ta jibge a fili ya sha ruwa, wasu suka karkace. Ta tashi daga gidan ma'aikata, wata 'yar cocinsu ta ba ta bayan shagonta, nan ta tara kaya ta sa katifa a tsakiya. Kullum bayan la'asar Kaka zai tambaya, “Sun cike?” In ce a'a. Sai ya ce a wuce na gaba. Ban san abin da ke ransa ba, bai faɗa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira masa ba. Abin da na gani shi ne ya daina cin tsire, kuma in an yi tsawa yana ɗaga kai.

Ciwon bai ja ba. Zazzaɓi ne ya sauka a ƙirji, aka kwantar da shi, aka sallamo shi, ya cika a ɗakinsa Inna na gefe.

Bayan sadakar bakwai magina suka zauna a kan wa zai gaje shi, aka tashi ba a tsayar ba. Kowa na ganin girman wani, kowa kuma na ganin kansa. Sista na bayan shago, damina na ƙara nisa. Inna ta kira ni ta ce, “Maigida, kira min su duka biyu gobe da hantsi. Kada ka gaya wa kowa ɗayan na zuwa.”

Sista ta shiga ɗakin Inna ta zauna a bakin gado. Ɗan Kwatarkwashi ya durƙusa a waje, labule tsakaninsu, ni ina tsaye a tsakar gida. Da ya ji muryar Sista ya yunƙura zai tashi, Inna ta ce, “Zauna, ɗan nan, ban sallame ka ba.”

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Marigayi ya yanke maganarku tun ran da yag ga hoto, ina ji da kunnena. Taurin kai ya hana shi hwaɗi. Ni ba ni da doka. A maida ƙohwa inda take, masai ya jingina da bangon kudu, a ƙara bututu. Kai ka yi laihi da ba ka tambaye ta ba, ke kin yi laihi da kinka zage shi gaban yara. Ku tashi ku ruhe gida.”

Na ɗauka an gama, har na fara murna a ciki. Sai Ɗan Kwatarkwashi ya ce, kansa a ƙasa, “Inna, ba a cike gurbin ba.”

“Wane gurbi? Mai gurbin ya tahi.”

“Ni a hannunsa na tashi. Ban iya ɗaukar hukuncinsa ta bayan gida.” Ya share fuska da hularsa. “Lokacin da muna fandisho, ƙusa ta shige ƙafar wani yarona. Madam ta wanke, ta ɗaure, ta yi masa allura. Kullum da safe sai ta zo da akwatinta ta canza masa bandeji har ya warke. Ko sisi ba ta karɓa ba. Shi ke nan nawa.”

Inna ta juya ta kalli Sista. Sista ta kalli silin, ta kalli jakarta, ta buɗe zif ta rufe. Wallahi har kaza ta zo ta wuce ta dawo Sista na nan tana fama da zif. Can ta ja numfashi.

“Bangonsa a miƙe yake.”

“Ƙara dai,” in ji Inna.

“Mama, iyakar abin da zan iya ke nan yau.”

“To ya isa. Marigayi ya karɓi wanda bai kai wannan ba.”

Washegari Ɗan Kwatarkwashi ya koma da yaransa. Ya fasa bulon da ya toshe ƙofar da hannunsa, bai ba lebura ba. Katakon da ya karkace aka ware, kafinta ya yi dabara da sauran, aka buga kwano tsakanin ruwa da ruwa. Ɗakin kwana da banɗaki aka fara gamawa, Sista ta tare a ciki sauran gidan ko filasta babu. Har yau ita da maginin ba wata hira suke ba, ina kwana lafiya lau ne, amma shi zai ƙarasa aikin bayan kaka.

Fom ɗin na nan yana aiki. Saƙonni na shigowa suna taruwa, magina sun ce kafin su tsayar da mutum ɗaya dattawa uku za su riƙa saurara tare. Wasu na cewa a cire gurbin farko, ya jawo wa baiwar Allah kwana a shago. Wasu na cewa in an cire shi gara a rufe abin gaba ɗaya. Duka ɓangarorin suna da abin faɗa, kuma duka sun je jana'izarsa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa matakalun da ya yi wa tsofaffi su tsaya masa ranar da ƙafa ke zamewa. Ya ba Inna haƙuri. Ya kuma yafe masa makonnin nan da Sista ta yi a kan katifa a bayan shagon mutane. Ita dai ta ce ta yafe, ko da yake sai da Inna ta tambaye ta sau biyu.